Gwanintar Mayar da Tsohuwar Waƙa Fage

Babbar gasar kiɗan zamani ta ƙasar Nijar, wadda matasa ke shiga da jita da fiyano da gangunan Turawa, sunan mawaƙin gargajiya aka sa mata. Ɗan Gurmu mutumin Adar ne, kuma a birnin Tawa aka kafa gasar da ke ɗauke da sunansa a shekarun 1980. Ta sha yankewa tana dawowa, amma ta yi aikin da aka kafa ta dominsa. 'Yan orkestar ƙasar, waɗanda a da ƙarfinsu ya fi tafiya wajen kwaikwayon kiɗan Kongo da na Kuba, sun waiwayo gida suna tambayar abin da za su yi da kiɗan iyayensu. Ba da jimawa ba aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, aka fara jin irin su Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya shigo da kiɗan bori cikin orkesta, da Musa Pusi, da Fati Mariko, sannan ƙungiyar Mamar Kasai da aka kafa a 1995.

Gasa dai lokaci gare ta, kuma ta babban birni ce. Gwanintar da ke ƙarƙashinta kuwa kullum ana bukatar ta, an kuma fi ganin ta a ƙananan wurare: ranar biki a Madawa, naɗin sarauta a wani gari na ƙasar Buza, daren sallah a Tamaske ko Keita, ko wasan da aka shirya a gidan matasa da al'adu na gunduma. Mutum ne zai ɗauko waƙar da mai ita ya daɗe da kwanta dama, ya tsaya gaban yaran da ba su taɓa ganin marigayin ba, ya rera ta yadda dattijo zai gyaɗa kai ya ce ita ce, saurayi kuma ya mayar da wayarsa aljihu ya saurara har a sauke. Alƙalai biyu ke nan a fage ɗaya, kuma sau da yawa abin da ke gamsar da wannan shi ke korar wancan. Wanda ya iya riƙe su duka biyun gwani ne, ko da mutane sun saba ce masa mai kwaikwayo.

Ba mu kaɗai ke da wannan sana'a ba. A Landan, bikin kiɗan nan na shekara-shekara da BBC ke shiryawa, wanda ake kira Proms, ya ware dare guda a 2015 don waƙoƙin Frank Sinatra, shekara ɗari da haihuwarsa. A Masar, Ummu Kulsum ta rasu tun 1975, amma har yau ana cika zaure don jin wata ta rera waƙoƙinta, har an kai ga haska siffarta da na'ura a kan dandamali, makaɗa na yi mata kiɗa a baya. Masu shirya bukukuwan orkesta a Turai kukansu ɗaya ne, furfura ta yi yawa a kujeru, suna neman dabarar jawo matasa. Tamu damuwar a juye take. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, matasa ba su da wuyar samu, ganga kawai za ka taɓa su cika fili. Tsofaffin da suka riƙe waƙar su ne ke ƙaranci. Sannan mai kiɗan Sinatra yana da takarda a gabansa, an rubuta masa kowane sauti, da inda zai shiga da inda zai tsaya. Namu makaɗin ba shi da komai sai kunne, da wani tsohon kaset da ya sha rana, da kuma, in ya taki sa'a, wani dattijo da ya taɓa yi wa marigayin amshi.

Abin da gwani ya fara sani shi ne waƙar makaɗan Hausa tana da wurin da ba a taɓawa, tana da wurin da aka bari a buɗe. Gindin waƙa, wanda 'yan amshi ke komawa gare shi, da raujin da aka ɗora shi a kai, da kiɗan da ke tafe da shi, waɗannan ba na wasa ba ne. Ɗiyan kuwa, wato abin da jagora ke jerowa tsakanin amshi da amshi, mai waƙar da kansa ma da wuya ya maimaita su daidai sau biyu. Duk wanda ya saurari ɗauka biyu ta waƙa guda ta Mamman Shata, ɗaya ta gidan rediyo, ɗaya ta wurin biki, ya san haka. Gindi ɗaya ne, amma ɗiyan sun sauya wuri, wasu sun faɗi, wasu sun shigo saboda wani mai babbar riga ya shigo fili. Don haka yaron da ya haddace kaset daga farko har ƙarshe, har da gyaran muryar da marigayin ya yi a tsakiya, bai koyi waƙar ba tukuna. Rana ɗaya ya koya daga cikin ranakunta.

A wannan yanki na Tawa kunnen mutane ya saba da manyan makaɗan ƙetaren iyaka a Najeriya kamar yadda ya saba da na gida. Madawa ƙasar Gobir ce, daga Bangi zuwa Sabon Birni ba wata tafiya ba ce, kuma Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙinsa mafi shahara, ba baƙo ba ne a nan. Haka Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da ya bi su a 2015. Rediyon Kaduna da Muryar Sahel da kaset ɗin 'yan cin rani sun kai su kowane zaure. Sai dai kowannensu da irin kayan da yake ɗora wa mai son tada waƙarsa.

Wajen Shata, 'yan amshi gindin kawai suke maimaitawa, kalangai na tafe, duk sauran aikin yana wuyan jagora. Mai rera Shata in ba shi da ƙirji, da saurin tunani, da ƙarfin halin ƙago ɗa nan take, kafin a je ko'ina an gano shi. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai ne da kuntiginsa, babu amshi balle a ɓuya a bayansa, hannun da ke kaɗa tsarkiya da bakin da ke magana duk na mutum ɗaya ne. Amma makaɗan kotso, irin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waƙarsu ta jama'a ce. Jagora ya ɗauko saɗara, 'yan amshi su tarbe shi su ƙarasa masa, wani sashe ya karɓa daga bakin wani, su yi ƙari, sannan su yi masa rakiya zuwa gindi. Mutum ɗaya, komai zaƙin muryarsa, ba ya tada waƙar Ɗanƙwairo. In 'ya'yansa da jikokinsa sun iya ci gaba da rera ta bayan ransa, don a cikin amshin suka tashi ne. Shi kansa ta nan ya biyo: ya yi wa mahaifinsa Usman Ɗankwanda amshi, ya yi wa yayansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin.

A nan nake ganin asirin sana'ar yake, kuma nan ne aka fi yi masa riƙon sakainar kashi. Kowa na neman wanda muryarsa ta yi kama da ta marigayi, ba wanda ke tambayar su wa za su amsa masa.

Leƙa wurin gwaji ka gani, bayan la'asar, a ƙarƙashin dogon yaro. Samari ne da jita biyu da ƙaramin fiyano mai batir, ga mai kalangu, ga dattijo a kan tabarma an ɗauko shi don ya duba musu. Jagoran ya ɗauko ɗa ya kai ƙarshe, samarin suka jira ya rufe baki, suka ƙirga bugu, sannan suka shigo da amshi, tsaf, babu kuskure. Dattijon ya ɗaga hannu.

"Ku dakata, ɗiyana. Kun bar shi ya faɗi ƙasa. Ba a jiran jagora ya gama, yana kan gaɓar ƙarshe ake ɗauke mai."

"Baba, ai haka munka ji a kaset."

"Kaset ya gwada muku wuyanshi? Ku bar kallon ƙasa, ku dubi mutumen da kuke amsa ma."

Abin da yake nufi shi ne ɗan amshi da ido yake aiki kamar yadda yake yi da kunne. Yana kallon jijiyar wuyan jagora da kafaɗarsa, ya san numfashin ya kusa ƙarewa tun kafin mai shi ya nuna, sai ya shigo a kan gaɓar ƙarshe su haɗu, kamar yadda mai saƙar tabarma a Madawa ke soka sabon kaba tun tsohon bai ƙare ba, don kada a ga magami. Wannan ɗan haɗuwar ita ke ba jagora damar jan numfashi ba tare da waƙar ta tsinke ba, ita ce kuma ta sa tsofaffin makaɗa ke iya kai waƙa guda dogon lokaci ba su galabaita ba. Ɗan amshi kuma shi ne ma'ajin waƙar. In jagora ya zo jeranta kakannin sarki ya yi tuntuɓe, na kusa da shi ne zai jefa masa sunan ta cikin ƙari, jama'a ba su ma lura ba. Sannan akwai haɗa murya: mai kauri a ƙasa, mai siririya a sama, na tsakiya su cike, kada ta wani ta fito daban. Samarin da suka tashi da waƙar situdiyo, inda kowa ke shiga ɗaki shi kaɗai ya ɗora muryarsa, wannan shi ke fi ba su wuya. Ranar da suka same shi kuwa, su da kansu za ka ga sun dubi juna suna murmushi, don abin daɗin yi gare shi.

Sai maganar kayan kiɗa, wadda ita ce ta fi rikita masu orkesta. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kowace gaɓa da karinta da tsawonta, kuma raujin tsohuwar waƙa a kan wannan karin yake tafiya. Kalangu don haka aka yi shi. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa ya kwanta masa ƙarƙashin hammata, in ya matse tsarkiyoyin fatar ta ɗame sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka, sai ka ji ganga na magana. Mutumin ƙauye ba bugu kawai yake ji ba, kalmomi yake ji, ya san taken wane ake yi, ya san an kira maƙera ko mahauta ko 'yan kokowa. To in aka ce jita ta ɗauki wannan layin, wajibi ne ta faɗi abin da kalangun ke faɗi. Gwanin jita zai ja tsarkiya da yatsa sautin ya zame daga nan zuwa can, yadda hammatar makaɗi ke yi, ko yadda yatsan mai goge ke sulalewa a kan izga. Fiyano ba ya zamewa, matakala gare shi, shi ya sa mai hankali ba ya ba shi maganar waƙa, sai dai ya bar shi a baya yana riƙe ƙasa.

Akwai wani tarko kuma. Yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke yawo. Yaron da ya koyi fiyano da waƙoƙin Turawa ko na Indiya hannunsa ya saba da bakwai, ya saba kuma da danna uku-uku a tare don cike kowane gurbi. In ya zuba wannan a kan waƙar kotso, za ta yi zaƙi, amma dattijo zai ce an sa mata abin da ba nata ba, kuma gaskiyarsa. Gwani a nan shi ne wanda ya iya kame hannunsa. Zai bar jitar nan mai kaurin murya ta bi sawun babbar ganga, ya bar gurbi inda tsohon ya bar gurbi, kuma ba zai kori kalangu daga orkesta ba don an samu gangunan Turawa. Gaba zai sa shi, mai gangunan Turawan ya bi shi. Dalili kuwa shi ne makaɗin gargajiya mawaƙi yake bi: in jagora ya ja magana ya jira shi, in ya zabura ya zabura tare da shi. Na'urar bugu ta situdiyo ba ta jiran kowa, mawaƙi ne ke bin ta, kuma daga nan ne tsohuwar waƙa ke fara sandarewa.

Har yanayin gari yana da ta cewa. In iska ta yi laima fatar goge takan saki, sai ka ga mai shi ya koma gefe ya kara ƙwaryar kusa da garwashi, yana ƙwanƙwasa ta da yatsa yana saurare, sannan ya goga ƙaro a izgar. Masu jita da suka san aikinsu ba sa ce masa ya zo ya daidaita da su. Su ke jira ya gama, su murɗa nasu su same shi inda yake.

Harshen waƙar ma wani fage ne. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Gurmu da Hausar yamma suka yi waƙa, ta Gobir da Zamfara da Adar. Yaron da kunnensa ya cika da waƙoƙin finafinan Kano yakan gyara ta ba da saninsa ba, inda aka ce "sunka" ya ce "suka". A magana ba komai, amma a waƙa ya cire wa gaɓar nauyinta, sai raujin ya yi ɗingishi, mai kotso ya rasa inda zai sauke hannu. A nan ɗan Buza ko ɗan Keita ya fi kowa riba, don harshen da ya sha a nono ne, ba sai ya koya ba. Abin dariya, wasunsu sukan ɗauke shi ƙauyanci, har sai ranar da suka ga mawaƙin birni yana gumi wajen kwaikwayonsa.

Duk wannan aikin kunne ne da hannu. Akwai kuma aikin sanin mutane, wanda babu kaset ɗin da ke koyar da shi. Waƙar fada don wani aka yi ta, kuma kusan duk inda aka yabi sarki an yi wa wani zambo, galibi ɗan uwansa da suka nemi sarautar tare. Ba a faɗi suna ba, amma an siffanta shi yadda kowa a garin ya gane. A babban birni wannan ɗan waƙa abin dariya ne kawai. A ƙaramin gari kuwa jikokin wanda aka yaba da jikokin wanda aka yi wa zambo suna iya kasancewa a tabarma ɗaya, ƙila ma aure ya haɗa su. Gwani kafin ya shiga fili sai ya tambaya su wa aka gayyata. Ya san ɗan da zai tsallake a yau, da wanda shekaru suka riga suka cire masa dafi har zuriyar mai shi ma dariya suke yi in an rera shi. Mai haddar kaset ba ya tsallake komai, shi ya sa wani lokaci biki ke watsewa da ɓacin rai bai san abin da ya yi ba.

Haka batun sababbin sunaye. Babu laifi a sa masu rai a tsohuwar waƙa, ai da haka makaɗi ke cin abinci, kuma wurin ɗiya a buɗe yake. Amma akwai tsari. Ana fara ambaton mai waƙar a yi masa addu'a, a bar ubangidan da aka yi wa ita a gurbinsa, sannan a gangaro kan na yau. Wanda ya cire sunan sarkin da aka yi wa waƙa ya cusa na wani attajiri ko ɗan takara a gindin da kowa ya sani, ya samu kuɗin daren, amma dattawan wurin sun gama da shi. A Yamai akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha, sai dai a karkara ladabi ne ke yin wannan aikin: a je a gaida iyalan marigayi, a nemi izini, in an samu alheri a tuna da su.

To, me ke tsayar da matasa? A ganina masu shirya wasa sukan yi kuskuren zaton sai an yi wa tsohuwar waƙa kwalliyar zamani kafin yaro ya so ta. Sau da yawa kunnensa a shirye yake, kuma cin rani ne ya shirya shi. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin hanya: da an gama girbi samarin Buza da Keita da ƙauyukan Madawa sai su kama hanyar Abijan ko Legas ko Kano, wasu Libiya ko Aljeriya, sai gab da damina a gan su. Yaron da a gida ba ya sauraren komai sai rap da waƙoƙin soyayya, in ya kwana biyu a ɗakin haya a baƙon wuri, shi ne zai je wurin mai tura waƙoƙi ya ce a sa masa Ɗanƙwairo a katin waya. Ya dawo gida ya riga ya san gindin waƙoƙi da dama, abin da bai taɓa gani ba shi ne a yi su a gabansa da mutane masu rai. Mai shirya wasan da ya san garinsa zai duba wannan. In ya sa wasansa tsakiyar rani, yara ƙanana da tsofaffi zai tara. Lokacinsa shi ne kaka kafin a watse, ko sallah, ko sa'ad da aka kwashe albasa a fadamun Madawa kuɗi suka shigo hannu.

Filin kokowa ma malami ne. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma har yau babu wanda ya taɓa kukan matasa sun guji kiɗan da ake yi a can, alhali tsohon kiɗa ne. Ba su guje shi ba don yana da aiki: a buga taken ɗan kokowa tsikar jikinsa ta tashi, ya fito yana kirari, 'yan garinsu su ɗauki ihu. Waƙar da aka ɗora a dandamali, aka jera manyan baƙi a kujerun gaba, aka tura samari can bayan igiya, an raba ta da aikinta. Gwanin da na fi yabawa shi ne mai mayar mata da shi. Kafin ya shiga waƙa sai ya koya wa filin gindinta, ya rera su amsa, ya sake su amsa, har sai dubun mutane sun zama 'yan amshinsa. Daga nan ba mai tafiya, don ba a barin waƙar da bakinka ke ciki. Ya san kuma waƙar da a fada ake kai rabin sa'a ana yi, a nan sai ya taƙaita ta, kuma zaɓen ɗiyan da za su tsira shi kansa ilimi ne: a bar masu hikima da masu ban dariya, a rage dogon jerin fadawan da ba wanda ya san su yanzu. Wasu har sukan ba ɗan rap wuri ya zuba nasa tsakanin amshi da amshi. Masu ra'ayin riƙau na ƙyamar haka, ni kuwa ban ga aibinsa ba muddin gindin na nan yadda yake, don gurbin ɗa ne aka ba shi, kuma tsakanin rap da kirari ba nisa.

An ga inda irin wannan ya kai mutane. A Gine, ƙungiyar Bembeya Jaz ta ɗauki labarin Samori Ture da maroƙan Mandinka ke rerawa ta ɗora shi a kan jita da ƙahonin Turawa a ƙarshen shekarun 1960, ya zama ɗaya daga cikin fayafayan da aka fi tunawa da su a Afirka ta Yamma. A cikin jihar Tawa ma, can wajen Abalak, Fatu Saidi Gali da 'yan uwanta na ƙauyen Illigadad sun ɗauki waƙoƙin tande na matan Abzinawa suka mayar kan jita, suka zagaya Turai da Amurka da su. Amma wanda ya fi burge ni shi ne Malam Maman Barka. Malamin makaranta ne, makaɗin gurmi da ya riga ya yi suna a Nijar da Najeriya, ba abin da ya rasa. Duk da haka a farkon shekarun 2000 ya tattara ya tafi bakin tafkin Cadi, ya zauna gaban Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, abin kiɗan nan mai tsarkiya biyar na masuntan Buduma. Ya koma almajiri da girmansa, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa, ya fitar da su a faifai a 2009, ya yi ta yawo da biram ɗin har ya rasu a 2018. Bai aika a ɗauko masa murya a na'ura ba, da ƙafarsa ya je.

Ɗaukar murya na da amfaninta, kuma akwai tsofaffin fayafayai a ajiye a Muryar Sahel da cibiyoyin bincike na Yamai da ya kamata a ce matasan makaɗa na iya kai wa gare su cikin sauƙi. Situdiyon fiyano ma ban raina shi ba, shi ya ba yaron da ba ɗan gidan kiɗa ba damar fara waƙa da jika kaɗan. Illarsa ɗaya ce, ya koya wa mutane cewa waƙa murya ɗaya ce da na'ura a bayanta, har abin ya bi mu fage. Yau in aka ɗauko kayan sauti haya don wasa a Madawa ko Buza, sau da yawa makirfo huɗu ne, kuma mai kayan da kansa zai miƙa mafi kyau ga jagora, na biyu ga mai fiyano, na uku ga sanƙira, ya bar 'yan amshi biyar su yi cincirindo a kan ragowar ɗaya mai ƙara. Jagoran da ya san sana'arsa ba ya yarda da wannan rabon. Yakan ƙwace na mai fiyano ya kafa shi gaban kalangu, ya ba 'yan amshi nasa da na sanƙira ya raba su gida biyu yadda karɓeɓeniya za ta fito, shi ya riƙe mai ƙarar. Sanƙira kuwa a bar shi da maƙogwaronsa, ai da ma don shi aka ɗauke shi.